Kirsimeti: Murnar Wanda Aka Yafe Wa Bashi

  

Ga shi hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe sararin sama, an yanke dawa an kai rumbu. Masu noman rani sun koma bakin ruwa, suna dashen tumatir da albasa tun da sassafe. A cikin gidaje kuwa magana ɗaya ce: bikin Kirsimeti ya ƙarato. Iyaye mata suna lissafin mudun shinkafa da kwalbar mai, teloli a Bichi da Bagwai sun daina barcin kirki, 'ya'yanmu da suka tafi neman na kansu a Kano da Kaduna da Legas suna shirin shiga mota su dawo gida. Duk wannan abu ne mai kyau, Ikkilisiya kuma ba ta hana kowa ba.

Amma kafin ranar ta zo, ina so mu yi wa kanmu tambaya guda ɗaya: murnar mene ne muke yi? Dalilin tambayar shi ne, a cikinmu akwai wanda rumbunsa bai cika ba bana. Akwai wadda ta binne mijinta da damina, akwai gidan da ba za a yanka ko kaza ba. Idan murnar Kirsimeti ta tsaya ga shinkafa da nama da sabon ɗinki, to waɗannan bayin Allah ba su da rabo a cikinta, mu ma da muka samu, kwana biyu ta ƙare, sai wanke tukwane da biyan bashi. Alhali kuwa mala'ikan da ya kawo albishir a daren haihuwa ya nuna cewa farin cikin na dukan mutane ne (Luka 2:10). Lalle ne ke nan akwai wani dalili na murna wanda talauci ba ya taɓawa, rashi kuma ba ya kashewa.

Sunan da aka raɗa wa Jaririn

Mu Hausawa mun san suna yana ɗauke da labari. In ka ji Ɗanladi ko Talatu, ka san ranar da aka haife su. In ka ji Anaruwa, ka san ana ruwan sama ya zo duniya. To, Jaririn Baitalami tun yana ciki aka aiko da sunansa daga Sama. Mala'ika ya zo wa Yusufu cikin mafarki, a daidai lokacin da zuciyarsa ta dagule saboda cikin Maryamu, ya umarce shi ya kira yaron Yesu, ya kuma faɗa masa dalili: aikin wannan yaro shi ne kuɓutar da jama'arsa daga zunubansu (Matta 1:21). Ma'anar sunan a harshen Ibraniyanci ita ce, Ubangiji yana ceto.

Ku lura da wannan da kyau. A zamanin nan mutanen Isra'ila suna ƙarƙashin mulkin Romawa, suna biyan haraji mai nauyi. Ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta ita ce ta tayar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, ga ta da tsohon ciki. Matsaloli sun yi wa jama'a katutu, amma wadda mala'ika ya kira da sunanta ita ce zunubi, domin shi ne saiwar sauran. Haka kuma Zakariya, mahaifin Yohanna Mai Baftisma, da Allah ya kwance harshensa a ranar sunan ɗansa, ya yi shelar cewa ta hanyar gafarar zunubai ne jama'a za su san ceto (Luka 1:77).

A Misar jajibiri akan karanta mana jerin kakannin Yesu daga farkon Bisharar Matta. Sau da yawa mukan gaji da sunayen, amma akwai wa'azi a cikinsu. A cikin wannan zuriya akwai Yakubu wanda ya yaudari mahaifinsa makaho, akwai Rahab ta Yariko wadda aka sani da karuwanci, akwai Sarki Dawuda wanda ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin. Ɗan Allah bai zaɓi dangi marar abin kunya ba, ya shigo cikin irin gidajenmu ne, masu abin faɗa da abin ɓoyewa. Saboda haka kada wani ya ce gidansu ya yi ƙaurin suna, ko laifinsa ya yi girman da Kristi ba zai shigo ba.

Bashi hanji ne

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kowane manomi a nan ya san nauyinsa. A tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ka je wurin mai hali ka karɓi buhu ko 'yan tiyoyi, da alkawarin biya da kaka. Kaka ta zo, amfani bai yi kyau ba. Daga nan sai ka fara sake hanya in ka hango shi a kasuwa, ka daina zama a dandali, ko sallama aka yi a ƙofar gida gabanka ya faɗi. Bashi yakan raba mutum da barci, ya kuma raba shi da mutane.

Da wannan hoto Ubangijinmu ya kwatanta zunubi. A cikin addu'ar da ya koya mana, kamar yadda Matta ya rubuta ta da Helenanci, kalmar da aka yi amfani da ita ta bashi ce. Ya kuma ba da misalin wani bawa da sarki ke binsa talanti 10,000 (Matta 18:23-35). Bari mu yi lissafi. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Bashin ya kama dinari miliyan 60 ke nan. Ko mutum yana ƙodago kwana 300 a kowace shekara, bai ci bai sha ba, sai ya shekara 200,000 kafin ya biya. Bawan ya faɗi yana roƙon a ƙara masa lokaci, alhali lokaci ba zai fisshe shi ba. Sarki ya ji tausayinsa, ya yafe bashin gaba ɗaya.

'Yan'uwana, wannan bawa ni ne, kai ne, ke ce. Yanzu ka ɗauka a ce mai binka buhu goma ya yi sallama a gidanka da daddare, ka fito jiki na rawa, sai ya yage takardar a gabanka, ya kuma ajiye maka ƙwaryar abinci. Yaya za ka kwana a wannan dare? Irin wannan farin ciki shi ne na Kirsimeti. Mai bin bashi ne da kansa ya zo gidan wanda ake bi, ya zo kuma a siffar jariri kwance cikin komin dabbobi domin kada kowa ya ji tsoron matsowa kusa. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mahaliccin sama da ƙasa ya durƙusa mana, ɗaukakarsa kuwa ba ta ragu ba.

Waliyyi Leo Babba, wanda ya yi Paparoma daga shekara ta 440 zuwa 461, ya koyar a wa'azinsa na Kirsimeti cewa baƙin ciki ba shi da mazauni a ranar da aka haifi rai, ya kuma ce mai zunubi yana da nasa dalilin murna tun da gafara ake kiransa ya karɓa. Wannan ne ya sa gwauruwa da maraya da wanda rumbunsa ya zauna wayam suke da cikakken rabo a wannan biki. Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa yana ta nanata musu su yi farin ciki cikin Ubangiji. Sarƙa ba ta ƙwace masa abin da aka ba shi ba.

Ruwan da ba mu haƙa ba

Me ake nufi da alheri? Ɗan ƙodago in ya gama huɗa aka ba shi kuɗinsa, ba a yi masa alheri ba, haƙƙinsa aka biya shi. Alheri shi ne abin da aka ba ka ba tare da kana bin kowa ba. Karatun da muke ji daga wasiƙar Bulus zuwa ga Titus a Misar tsakar dare da ta asuba yana koya mana cewa alherin Allah ya fito fili domin ceton kowa, kuma jinƙansa ne ya cece mu, ba wani aikin kirki da muka gabatar ba (Titus 2:11, 3:4-7).

Dattawanmu suna iya tuna yadda ƙasar nan take kafin gwamnatin Jihar Kano ta gina madatsar ruwa ta Watari a yankin Bagwai a ƙarshen shekarun 1970. Da an gama kaka, sai samari su ɗaura ƙunshi su tafi cin rani, gonaki su zauna fayau har ruwan farko. Yau ga shi a tsakiyar hunturu, ba gajimare ko ɗaya a sama, amma ido yana ganin kore shar a gefen magudanan ruwa. Yawancin masu cin wannan moriya ba su ɗauki ko kwandon ƙasa ɗaya ba a lokacin ginin, da yawa ma ba a haife su ba. Sun tarar da ruwa ne yana gudu, aikinsu shi ne su buɗe masa hanya ya shiga fangalinsu. Haka alherin Allah yake. Ba mu muka haƙo shi ba, a ranin rayuwarmu ya same mu. Amma wanda ya ƙi buɗe bakin fangalinsa, shukarsa za ta bushe alhali ruwa yana wucewa ta gefenta.

Da yawa daga cikin kakanninmu sun yi zamansu cikin tsoron iskoki. In ciwo ya shigo gida ko amfani ya lalace, sai a nemi kaza ko akuya a zubar da jini domin a lallashi wanda aka ɓata wa rai. Ba mu raina su ba, sun nemi taimako ne iyakar saninsu, sun kuma gane gaskiya guda, cewa laifi yana bukatar fansa. Abin da Bishara ta kawo mana shi ne, Allah bai jira mu kawo hadaya ba, shi ne ya ba da Ɗansa. Ita kanta Bisharar kyauta ta iso mana. Fadoci 'yan mishan sun baro ƙasashensu, katikistoci sun taka da ƙafa sun kuma hau keke daga ƙauye zuwa ƙauye, har aka keɓe Kano ta zama yankin mishan mai zaman kansa a 1991, ta kuma zama cikakkiyar Dayosis a 1999. Wa ya biya kuɗin wannan a cikinmu?

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, Bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi ƙuruciyarsa cikin bin son zuciya, mahaifiyarsa Monika tana zubar da hawaye a kansa shekara da shekaru, har ya karɓi baftisma a shekara ta 387. Ikkilisiya tana kiransa malamin alheri, domin ya ɗanɗana a jikinsa cewa Allah ne yake fara neman mutum. Iyaye mata masu kuka a kan ɗa da ya shiga shaye-shaye ko 'ya da ta bar hanya, kada ku gaji da addu'a.

Ku kuma duba waɗanda aka fara yi wa albishir. An tsallake fadar Hirudus, an tsallake manyan malaman Urushalima, aka je wurin makiyaya masu kwana a daji da dabbobinsu, mutanen da ba a lissafa su cikin manya. Ba su yi wanka ba, ba su sake riga ba, suka tashi da sauri suka je, suka dawo suna yabon Allah.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya

Ta yaya za mu buɗe wa wannan ruwa hanya? Ubangiji ya bar wa Ikkilisiyarsa Sakramentin Tuba, lokacin da ya hura wa manzanninsa Ruhu Mai Tsarki bayan tashinsa daga matattu, ya ba su ikon gafarta zunubai (Yohanna 20:22-23). Tun daga babban taron Lateran na huɗu a shekara ta 1215, dokar Ikkilisiya ce kowane mai bi da ya kai hankali ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ɗa mai ƙaunar mahaifinsa ba ya jiran doka kafin ya je gaishe shi.

Na san abin da yake hana wasunmu. Wani kunya, wani tsoron kada Fada ya riƙa yi masa wani kallo, wani kuma ya shekara biyar ko goma bai zo ba, har ya manta yadda ake farawa. Ku saurare ni, 'ya'yana. Abin da aka faɗa a wurin furta zunubi a nan yake mutuwa. Fada ba shi da izinin faɗa wa kowa, ko Bishop, ko hukuma, ko da za a yanka shi. Ni mai rubuta muku wannan, ni ma ina durƙusawa gaban ɗan'uwana Fada in faɗi nawa. In ka manta yadda ake yi, ka zo ka ce ka manta, za a bi da kai a hankali.

Abu biyar ake bukata. Ka binciki zuciyarka a natse. Ka yi nadama ta gaskiya. Ka ƙudura niyyar rabuwa da laifin da kuma abin da yake kai ka gare shi. Ka faɗi zunubanka ba ɓoye-ɓoye, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sa'an nan ka cika aikin tuba da aka ba ka. In kuwa akwai haƙƙin wani a hannunka, sai ka mayar. Wanda ya tauye mudu, wanda ya zuba ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ya rufe da mai kyau, wadda ta ci kuɗin adashi, wanda ya ɓata sunan 'yar mutane da ƙarya, kowa ya gyara iyakar ƙarfinsa. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu (Luka 19:8). Kada mu sa sabuwar riga a kan jikin da bai ga ruwa ba.

Kada ka tare ruwa

Misalin bawan nan bai ƙare inda muka tsaya ba. Da fitarsa daga fada sai ya gamu da abokin bautarsa wanda yake bi dinari 100, wato ladan wata uku da 'yan kwanaki. Ya shaƙe shi, ya ƙi jin roƙonsa, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai kunnen sarki, sai ya mayar masa da bashinsa na farko. Masu noman rani sun san mutumin da yake gaba a bakin magudana, ya shayar da nasa ya ƙoshi, sa'an nan ya toshe hanya ya hana na bayansa. Shukar maƙwabci ta bushe, tasa kuma ruwa ya kwanta mata har saiwa ta ruɓe. Gafarar da ta tsaya a wurinka ba ta wuce ba, kai ma ba za ta amfane ka ba.

A wani ƙauye da na taɓa yi wa hidima akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda gonar gado ta raba. Maganar ba a ɓoye take ba, duk garin ya sani. Ƙanen ya ce wansa ya ci masa kunya biyu, ya matsar da gambar da mahaifinsu ya dasa a kan iyaka. Shekara bakwai ba sa ga maciji. A majami'a ɗaya suke, wannan ya zauna dama, wancan hagu, domin kada gaisuwar salama ta haɗa hannuwansu. Matansu suka daina aron turmi, 'ya'yansu suka taso ba sa shiga gidan juna. Wata shekara, ana saura kwana uku Kirsimeti, mahaifiyarsu tsohuwa ta aika wa kowannensu cewa bana a akushi ɗaya za ta zuba abincinsu, kamar yadda take yi suna yara, kuma ba za ta sa komai a bakinta ba sai ta ga hannuwa biyu a cikinsa. Ƙanen, wanda shi ne aka cuta, ya zo wurina ransa a ɓace, ya ce, "Fada, ni aka zalunta, kuma ni zan fara zuwa?" Na ce masa, "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah wa aka yi wa laifi, wa kuma ya fara zuwa?" Ya tashi bai ce mini komai ba. Da daren jajibiri ya yi sallama a ƙofar wansa. Ba a ranar aka warware maganar gona ba, sai bayan wata biyu dattawa suka fita suka sake dasa gamba, ƙanen ma bai sami duk abin da yake nema ba. Amma tsohuwa ta ci abincinta, da ta rasu kuma 'ya'yanta biyu ne suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin kabarinta.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Tambayar ita ce, wa kake riƙe da shi a zuci? Ɗan'uwan da kuka yi rikicin gado? Surukar da ta faɗa miki magana mai zafi? Mijin da ya ci amanarki? Maƙwabcin da ya karya maka ruwa da dare? Makiyayin da shanunsa suka shiga maka wake kafin ka kwashe? A biya ɓarna bisa gaskiya a gaban mai unguwa ko dagaci, wannan daidai ne. Amma ka tuna cewa masu irin sana'arsa ne suka fara durƙusa wa Mai Cetonka, kada ka ɗora laifin mutum ɗaya a kan kabila duka. Haka kuma maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu jininmu ne, kakanmu ɗaya: suna aiko mana da naman layya, mu ma mu aika musu da abincin Kirsimeti da hannu biyu, har da gidan da muka taɓa samun saɓani da shi. Ubangiji ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna akwai ɗan'uwan da yake da magana a kanka, ka ajiye baikon tukuna ka je ku shirya (Matta 5:23-24).

Gafara ba ragwanci ba ce

Wani zai ce, Fada, ba ka san abin da aka yi mini ba. Gaskiya ne, akwai raunin da ya fi kunya biyu ta gona zurfi. Ba mu manta da ranar Kirsimeti ta 2011 ba, lokacin da bam ya tashi a majami'ar Waliyya Tereza da ke Madalla a Jihar Neja, ya hallaka masu ibada da dama suna fitowa daga Misa. Ikkilisiya ba ta ɗauki gafara abu mai sauƙi ba. Shi ya sa washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, take tuna mana da Waliyyi Istifanas, shahidi na fari, wanda ya roƙa wa masu jifansa gafara duwatsu suna sauka a kansa. A cikin masu goyon bayan kisan akwai wani saurayi mai suna Shawulu, wanda daga baya ya zama Manzo Bulus.

A zamaninmu ma mun ga misali. Ranar 13 ga Mayu 1981 wani mutum mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a dandalin Waliyyi Bitrus da ke Roma. Tun yana gadon asibiti ya sanar cewa ya yafe masa. Bai cika shekara da harbin ba ya zo Nijeriya, ya taka ƙasar Kaduna a watan Fabrairu 1982. Ranar 27 ga Disamba 1983 kuma, kwana biyu bayan Kirsimeti, ya shiga kurkukun Rebibbia ya zauna kusa da wanda ya harbe shi, suka yi magana kamar 'yan'uwa. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har shekara ta 2000. Wannan yana koya mana cewa gafara ba ta rushe shari'a, ba ta kuma mai da mugunta ta zama daidai. Matar da ake duka ba a ce ta zauna a kashe ta ba, ta nemi mafaka, ta kawo ƙara. Gafara ita ce ka sauke niyyar ramuwa, ka daina yi wa mutum fatan sharri, ka miƙa shari'arsa ga Allah. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ka fara da roƙon Allah ya ba ka son yafewa, ka riƙa ambaton sunan mutumin cikin addu'arka kowace safiya. Wannan ma alheri ne, shi yake bayarwa.

Abin da nake roƙonku

Saboda haka, ya ku ƙaunatattu, kafin a buga ƙararrawar Misar dare, ina roƙon kowane mai bi abu uku. Na ɗaya, ka zo Sakramentin Tuba. Katikistoci za su sanar da ranar da Fada zai zo kowace majami'a, kada a bari sai ranar ƙarshe. Na biyu, ka taka da ƙafarka zuwa gidan mutum ɗaya da kuka ɓata, domin zumunta a ƙafa take. Kada ka aika yaro, kada ka jira shi ya fara. Na uku, in kana bin wani talaka bashin da ka san ba zai iya biya ba, kai kuma rashinsa ba zai kwantar da kai da yunwa ba, ka yafe masa ko ka rage masa saboda Jaririn Baitalami. Iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika da matasanmu, ku duba gidajen gwauraye da marayu da tsofaffi, kada a kwana da yunwa a unguwar da ake waƙar haihuwar Mai Ceto. Magidanta kuma, kada a ci sabon bashi don burga, kada kuɗin makarantar yara na watan Janairu ya ƙare a gidan giya.

Wanda ya yi waɗannan, ko da tuwon dawa da miyar kuka ya yi bikinsa, zai kwana da farin cikin da ba a sayarwa a kasuwa.

Bari Budurwa Maryamu, wadda mala'ika ya gaishe ta a matsayin wadda Allah ya cika da alheri, ta yi roƙo dominmu. Bari Waliyyi Yusufu ya tsare gidajenmu. Allah Uba wanda ya ba mu Ɗansa ya gafarta mana zunubanmu, ya warkar da zumuncinmu, ya albarkaci rumbunanmu da noman raninmu, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya ba Jihar Kano da ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya, ya kuma nuna mana sabuwar shekara cikin alherinsa. Amin.

Barkanmu da Kirsimeti.